Jari-Bola a Bakin Kainji: Tarihin Burgu, Warangi da Kainuwa

Wanda ya fara haɗa kalmar "jari" da kalmar "bola", ya raɗa wa masu tsintar ƙarafa da robobi suna 'yan jari-bola, ya faɗi a numfashi guda abin da masana suka daɗe suna cika littattafai a kansa. Tun a 1966 wani masanin tattalin arziki a Amurka, Kenneth Boulding, ya kwatanta duniya da kumbon 'yan sama-jannati, wanda ba shi da bayan gari da za a kai shara a jibge a manta da ita. Daga baya tunanin ya sami suna, ya shiga dokoki. Ƙasar Sin ta yi masa doka a 2008, Tarayyar Turai ta fitar da nata tsarin a 2015. Da Hausa ana iya kiransa tattalin arziki mai kewayawa, wato tsarin da abin da ya fita daga wata sana'a a matsayin shara zai shiga wata a matsayin kayan aiki, ya yi ta zagayawa ba tare da ya ƙare a juji ba.

A bakin masu taron bita maganar tana da sauƙi: kowace shara dukiya ce da ba a gane ba tukuna. Gaɓar Tafkin Kainji, daga Shanga zuwa Yauri har Warra ta ƙasar Ngaski, ta shafe fiye da shekara hamsin tana gwada wannan magana, kuma amsar da ta bayar ba ta kai haka santsi ba. Abubuwa uku suka cika tafkin ba tare da an gayyace su ba: ciyawar burgu, ƙananan kifin da ake kira warangi, da wata baƙuwar kainuwa. Na farko ya zama arziki, na biyu ya zama arzikin da ya kusa cinye kansa, na ukun kuwa ya ƙi sayuwa har yau. Abin da ya bambanta su shi ne nauyinsu, da nisan da ke tsakaninsu da mai bukatarsu, da kuma wanda ke da ikon cewa a ɗiba ko a bari.

Kafin ruwa ya hau

Ƙasar Hausa ta san wannan hikima tun ba ta da suna. A shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya rubuta yadda jakuna ke shiga birnin Kano da itace, su fito da mangaloli cike da taki, wato kashin dabbobi da toka da sharar gidaje, a kai gonakin karkara da aka daɗe ana nomawa duk shekara ba hutu. A marina, katsin da ya kwanta a gindin rijiyar baba ba a zubar da shi. Akan ƙone shi, a haɗa da gashin jima da majema suka kankare daga fata, a zuba ruwan dafara, sai ga laso, simintin da ake shafe soro da shi ya hana ruwa shiga. Ɓawon ɗorawa ya zama makuba, karan dawa ya zama danga da makamashi, tokarsa ta koma miya ko sabulu. Babu wanda ya yi wannan don ceton duniya. Jaki ne abin sufuri, kaya daga nesa tsada gare su, saboda haka abin da ke kusa dole a tatse shi har ƙarshe.

A Yauri kogi ne ke yin aikin jakin. Kwara tana kawo ruwa sau biyu a shekara. Na farko, wanda ake kira farin ruwa, yana zuwa ne daga wajen Agusta, ruwan daminar yankin ne da na rafukan da ke zuba a cikinta, yana ɗauke da laka har ya yi fari-fari. Na biyu, baƙin ruwa, ruwan sama ne da ya sauka a tsaunukan ƙasar Gini watanni da suka wuce, ya yi doguwar tafiya ta fadamun Mali inda ya sauke lakarsa, ya iso nan a tsakiyar hunturu yana garau. Kafin a yi dam, farin ruwa yakan hau gungu-gungu da gaɓa ya shimfiɗa musu sabuwar ƙasa, baƙin ruwa kuma ya riƙe kogin a cike daidai lokacin da ko'ina ya bushe.

A kan wannan baiwa Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, suka gina rayuwarsu a tsibiran kogin. Sun shahara da noman albasa na rani, suna ban ruwa da hannu a ƙananan fangaloli kusa da bakin ruwa, ga gero da dawa a tudu, ga su kuma a gefe. Sarkawa suna kan ruwa da jiragensu. Fulani suna gangarowa da rani, shanu su ci kara da ciyawar fadama, su bar taki a gona. Abin da ruwa ya wanke daga takin ya koma kogi ya ciyar da ƙananan halittun da kifi ke ci. Gida kuma na ƙasa ne da ciyawa: in ya tsufa ya rushe, ya koma inda aka ɗebo shi, shi ya sa manomi ke son gonar kufai. Ba aljanna ba ce. Akwai ƙudan da ke makantar da mutane a bakin kogin, akwai tsargiya, akwai shekarun yunwa. Amma shara a ma'anar abin da ba shi da inda za shi, kaɗan ce ƙwarai.

1968

An kafa Hukumar Madatsun Kwara a 1962, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya aza harsashin dam ɗin Kainji a 1964, aka toshe kogin a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe shi a 1969 ana tsakiyar yaƙin basasa. An tsara wa tashar injuna 12, aka sa 8, masu iya ba da megawat 760. Bayan bangon, ruwa ya ja baya tsawon kilomita kusan 136, ya rufe ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200. Tsohon garin Busa ya nutse, yawancin tsibirin Foge ya nutse, haka ma gungu-gungun Yauri masu yawa. Mutum kusan 44,000 aka tayar daga garuruwa da ƙauyuka 239, aka zaunar da su a sababbin matsugunai 141. A lokacin Muhammadu Tukur ne Sarkin Yauri.

Abubuwa biyu suka faru da kewayen nan na dā, kuma ba a cika ambatonsu ba idan ana lissafin ribar dam da hasararsa. Na farko, laka ta sauya matsayi. Ruwan da ya shiga tafki yakan rage gudu, ya saki abin da yake ɗauke da shi. Lakar da a dā take sauka a kan gonar Bagunge kyauta, yanzu tana kwanciya a gindin tafki, inda injiniya ke kallonta a matsayin abin da ke rage wa dam ciki. Abu ɗaya ne, bai canza ba ko kaɗan, wurin saukarsa kawai ya gusa, sai taki ya zama matsala. Gungawan da aka mayar tudu kuwa suka tarar da ƙasar da ba ta kai tasu ba, ruwa kuma ya yi musu nisa.

Na biyu shi ne gidajen. Da farko an so a biya mutane kuɗi su gina da kansu, da abin bai tafi daidai ba sai hukuma ta ɗauki nauyin ginin. Wani mai zanen gine-gine Bature, Robin Atkinson, ya tsara gidajen, ya yi ƙoƙarin kwaikwayon fasalin gidan gargajiya, da ɗakuna masu kewaye da tsakar gida. Amma bangon na bulon siminti ne, rufin kuma na siminti mai haɗe da asbesto. A zamanin ana ganin asbesto kayan ci gaba ne, ba ya cin wuta, ba ya tsatsa. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙurarsa tana haddasa cutar daji. Rufin jinka in ya mutu taki ne ko makamashi. Rufin asbesto in ya fashe, ba ya ruɓewa, ba a ƙona shi, ɗan jari-bola ba ya saye, farfasa shi ma haɗari ne. Ana iya cewa da shi ne shara ta gaskiya ta fara sauka a ƙauyukan gaɓar nan da yawa, kuma gwamnati ce ta kawo ta da kyakkyawar niyya.

Tafkin da kansa ya fara rayuwa ne da cin abin da ya haɗiye. Gonaki, dazuzzuka, kufai, turakun dabbobi, duk suka ruɓe a ƙarƙashin ruwa suka zama abinci. Kifi ya yi yawan da ba a taɓa gani ba, masunta suka yi ta kwararowa daga nesa. A 1971 an ƙiyasta kamun shekara ya haura tan 28,000. Zuwa 1978 ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Haka sababbin tafkuna ke yi a ko'ina: walima ce ta sau ɗaya, da an cinye abin da aka binne sai a koma ga abin da ruwa ke iya haifarwa da kansa.

Burgu

Burgun da ake nufi a nan ba ɗan uwan gafiya ba ne. Ciyawar ruwa ce, wasu na cewa burugu, mai dogon kara mai zaƙi, wadda ke tsiro a gindin ruwa ta yi ta miƙewa tana bin sa yayin da yake hawa, har karanta ya kai mita da yawa, ganyenta na shawagi a sama. Tana nan a fadamun Kwara tun fil azal, sai dai dam ya yi mata gata. Domin a juya injuna duk shekara, ana cika tafkin da farin ruwa da baƙin ruwa, sannan a yi ta zuƙe shi daga ƙarshen hunturu har damina ta kankama. Tsakanin cikarsa da ƙafewarsa akwai kusan mita 10. A wurin da gaɓa take a shimfiɗe, kamar tsakiyar tafkin wajen Foge da Warra, wannan na nufin fili mai faɗin gaske, wanda rabin shekara tafki ne, rabin shekara ƙasa. Babu abin da burgu ke so kamar haka. A shekarun 1970 ta mamaye babban yanki na tafkin.

Ga hukumar lantarki, wadda a 1972 ta zama NEPA, wannan ɓarauniya ce. Ciyawa tana shan ruwa ta fitar da shi ta ganye ya bi iska, kuma duk ruwan da ya bi iska bai bi ta injin ba. Ga mai jirgi, shinge ce. Ga Bafulatani kuwa, rahama ce da ta sauka a daidai lokacinta, domin ruwan yana janyewa ne a bazara, sa'ad da daji ya ƙone, saniya ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Sai ga kore shar a kwance kan laka, kilomita bayan kilomita.

Akwai cibiyar bincike a Sabuwar Busa, wadda ta faro a 1968 a matsayin shirin nazarin tafkin tare da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta zama Cibiyar Binciken Tafkin Kainji a 1975, daga 1987 kuma ake kiranta NIFFR, mai binciken kifin ruwan daɗi. A 1984 masana biyu, A. J. Morton da E. A. Obot, suka wallafa wani nazari da ya juya tambayar. Maimakon a tambayi yadda za a kashe burgu, sun tambayi yadda za a riƙa yankan ta a matsayin abincin dabbobi na rani, ta yadda yankan zai hana ta mamaye tafkin ba tare da ya ƙarar da ita ba. Lissafi ne na kwamfuta, amma abin da ya ƙunsa makiyayi ya riga ya sani da ƙafarsa. Darajar nazarin ita ce ya faɗi abin da harshen da hukuma ke ji.

Dalilin da ya sa burgu ta zama arziki ba tare da masana'anta ko rance ba a fili yake. Mai bukatarta yana zuwa da ƙafarsa huɗu. Ba a ɗaukar ta, ba a busar da ita dole, ba a sarrafa ta. Saniya ta ci a wurin, ta mayar da ita nono da nama, ta bar kashi a kan lakar. In ruwa ya dawo ya narkar da kashin, ƙananan kifi su sami abinci da maɓoya a cikin sabon tsiron. Wanda ya bushe ya zama kandilo, mata su tsince su hura wuta. Wadda aka yanka aka ɗaure dami-dami kuma tana da kasuwa wurin masu kiwon raguna da dawaki a gari. Kusan kewayen nan na dā ne ya sake ɗinke kansa a sabon wuri.

Inda gizo ke saƙa shi ne iko. Filin da ruwa ya janye daga kansa manomi ma yana so, don shinkafa da masara da kayan lambu, kuma gaskiyarsa ce, tunda da yawansu an tashe su ne daga ƙasar da ke ƙarƙashin wannan ruwan. A fadamun Mali, inda burgu ta fi ko'ina yawa, an daɗe da warware irin wannan. Bayan Shehu Ahmadu ya kafa daularsa a Masina a 1818, ya tsara makiyayun burgu: wane garke ne zai fara shiga, ta wace hanya, a wane lokaci, da abin da baƙo zai biya. Masu kula da wannan, da ake kira jowro, suna nan har yau. A Kainji filin sabo ne, shekarunsa ba su kai na dattijo ɗaya ba, kuma ranar da ruwa zai janye ba Sarkin Ruwa ke yanke ta ba, ba Arɗo ba, masu juya injuna ne a can ƙasa, gwargwadon wutar da birane ke bukata.

Warangi

Warangi kifi ne da bai wuce ɗan yatsa ba, mai sheƙi kamar azurfa, yana yawo garke-garke a tsakiyar ruwa. A kogi mai gudu ba shi da wani tasiri. Da ruwa ya tsaya ya yi faɗi, sai ya hayayyafa fiye da kima. A shekarun farko tarun masunta mai manyan idanu ne, an yi shi don giwan ruwa da ƙarfasa da ragon ruwa, warangi yana ratsa shi ya wuce. Masu binciken Sabuwar Busa sun yi ta rubuta cewa ga dukiya nan ba mai ɗiba.

Sai masu ɗiba suka samu. Aka shigo da wani dogon taru da ake kira dala, mai idanu ƙanana kamar gidan sauro, a kewaye ruwa da shi a ja zuwa gaɓa. Warangi ba ya bukatar itacen banda, shanya shi ake yi a rana ya bushe, a zuba a buhu. Busasshe ba shi da nauyi, ba ya saurin lalacewa, yana jure doguwar tafiya a mota, ga masu saye a kasuwannin kudu da masu haɗa abincin kaji da na kifin kiwo. Duk sharuɗɗan da ake bukata sun cika. A 1996 kamun tafkin ya haura tan 38,000, ya zarce na shekarun walimar farko, kuma kaso mai tsoka na wannan daga dala ya fito.

Matsalar ita ce idon dala ba ya tambayar sunan kifi. Tare da warangi yana kwaso 'ya'yan ƙarfasa da na sauran manyan kifaye da ke fakewa a bakin gaɓa, waɗanda da an bar su shekara guda da sun ninka darajarsu sau da yawa. Warangin kansa kuma shi ne abincin giwan ruwa da sauran masu farauta. Ashe abin da aka ɗauka rara ce da ba mai ita, yana da masu shi a ƙarƙashin ruwa. A 1993 aka fara wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus, ta hannun hukumar GTZ, don farfaɗo da sana'ar su a tafkin. Shirin ya ƙirga jirage da taruna, ya taimaka wa jihohin Kebbi da Neja suka sabunta dokokinsu na su, ya jawo sarakuna da sarakunan ruwa cikin aikin, aka fito da lasisin masunta. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 aka haramta dala. A 2001 kamun da aka rubuta ya sauko wajen tan 13,000. Wani ɓangare na wannan faɗuwa haramcin ne ya kawo shi da gangan, wani kuma alamar tafkin da aka riga aka gajiyar ne. Masu dala ba su ji daɗi ba, don jarinsu da abincin yaransu na cikin tarun, kuma dokar da ke bukatar jirgi da mai kafin a tabbatar da ita ba ta cika daɗewa da ƙarfinta ba bayan baƙi masu tallafi sun tafi.

Kainuwa

Bahaushe ya san kainuwa tun dā, ƙaramar nan mai kama da latas da ke yawo a kan kududdufi, wadda ake yi wa kirari da dashen Allah. Har amfani yake yi da ita: akan ƙone ta a tace tokar a sami abin da ke maye gurbin gishiri. Wadda ta iso Kainji a wajen 1989 wata ce daban, ta ari sunan ne kawai. Asalinta Kudancin Amurka, yankin kogin Amazon. Tana da fure shuɗi mai ɗaukar ido, kuma kyan nan ne ya yi mata jagora zuwa sauran duniya, a matsayin adon lambu. Ta toshe kogin Kongo da Farin Nilu a shekarun 1950. Ta shigo Najeriya ta rafukan Badagiri a 1984 daga Jamhuriyar Benin. Ta Kainji kuwa daga sama ta gangaro, ta bi Kwara daga Jamhuriyar Nijar, saboda haka ƙasar Yauri ce ƙofar shigarta. Idan yanayi ya yi mata daɗi tana ninka kanta cikin mako biyu.

Ɓarnarta a bayyane take. Tana rufe mashigar jirage, ta naɗe taru ta tafi da shi, ta hana haske da iska shiga ruwa, ta zama gidan sauro da macizai da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Shirin nan na Najeriya da Jamus ya yaƙe ta ta hanya uku. An tara jama'ar ƙauyuka suna tsamo ta da hannu. An saki wasu ƙwari 'yan asalin ƙasarta da ke cin ganyenta da kararta, irin waɗanda suka taimaka wajen karya ta a Tafkin Biktoriya. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 kuma aka gitta wani shinge mai shawagi a kan kogin, tsakanin Zamare ta ƙasar Yauri da Rofiya ta jihar Neja, don ya tare ta kafin ta shiga tafkin.

Shingen ya yi wani abu da ya kamata ya faranta ran duk mai wa'azin mayar da shara dukiya: ya tara kayan a wuri guda, kyauta, kogi ne ma ke yin dakon. A takarda kuma kainuwar nan ba abin da ba ta yi. Ana yin taki da ita, ana samun iskar gas ta girki, ana cakuɗa ta a abincin dabbobi, ana yin takarda da igiya. A kudu, Achenyo Idachaba ta kafa kamfanin MitiMeth a 2011, mata suna saƙa kwanduna da kayan ado da busasshen kararta. A Benin wani kamfani, Green Keeper Africa, yana mayar da ita abin tsotse man da ya zube. To me ya hana Zamare zama cibiyar irin wannan?

Amsar tana kan sikeli. Kusan kashi 95 cikin ɗari na ɗanyar kainuwa ruwa ne. Wanda ya tsamo tan guda, ya loda a jirgi, ya sauke, ya shanya, abin da zai rage masa bai wuce buhu ɗaya mai kilo 50 ba. Sauran duk ruwa ya yi dako, a bakin tafki. Saniya ba ta marmarinta kamar burgu, ba za ta zo da ƙafarta ta ɗauke wa mutum wahalar ba. Mai sayen kwandon ado yana Legas ko Turai. Ga shi kuma ba kullum take zuwa ba, tana bin hawan ruwa ne, wata shekara ta yi yawa wata ta yi ƙaranci, kuma babu mai kafa masana'anta a kan kayan da hukuma ke ƙoƙarin ƙarar da su. Wannan cin karo ne da ba a cika faɗa ba: in sana'ar ta yi nasara tana bukatar kainuwa ta dawwama, in yaƙin ya yi nasara sana'ar ta mutu. Amfanin da ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne mafi ƙanƙanta, wato mai lambun da ke dab da gaɓa ya jawo ta ya tara ta ruɓe, ko ya shimfiɗa ta a gindin shuka ta riƙe masa laima. Tafiyar taku ashirin ce, shi ya sa lissafin ke fita.

Abin da sikeli ke karɓa

Wannan ma'auni na nauyi da nisa yana bayyana abubuwa da yawa da ake gani a gaɓar yau. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, noman shinkafa ya ƙaru a jihar, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. Dusa ba ta kwana, masu kiwo na jiran ta, masunta ma suna sa ta a cikin gura, tarkon nan da aka koya daga masuntan Mali, don ta jawo kifi. Ɓuntu kuwa sai inda tukunyar turara shinkafa ko murhu ke kusa da injin casa yake zama makamashi. Inda babu, tudu yake yi a bayan injin, a cinna masa wuta ya yi kwanaki yana hayaƙi, alhali a ƙauyen da ke gaba masu banda suna sayen itace da tsada. Ba shi da nauyi, amma yana cin wuri, buhunsa bai biyan kuɗin mota.

Masunci shi ma gwanin jari-bola ne ba tare da an kira shi haka ba. Tsohon silifa ana yanka shi ya ɗaga taru a saman ruwa, jarkar da ta tsufa ta zama alamar inda aka kafa shi, dalmar mataccen batir ta zama abin nutsar da gindinsa, ko da yake narka dalma a tsakar gida guba ce ga yara. Ƙarfe, alminiyam da tagulla suna da farashi a kowace kasuwa daga Yelwa zuwa Warra, mai sikeli yana auna su ya biya nan take, don ƙaramin buhunsu ya isa ya biya motar da za ta kai su inda ake narkawa. Ledar ruwa da tarun roba mai siririn zare ba su da wannan gata. Tarun dā na zaren auduga ne, in ya mutu ya ruɓe. Na yanzu in ya yage ko ya sarƙe a kututturen itatuwan da suka nutse tun 1968, a nan ake barinsa, ya ci gaba da kama kifin da babu mai zuwa ɗauka.